Lambobi Biyu Masu Kai Kaya Ƙofar Mai Su: Amfanin Latitud Da Lonjitud Ga 'Yan Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ya saba ɗora hatsi daga Dawanau zuwa Legas, ko tura shanu kasuwar Lokpanta, ko sayo haja daga Anacha da Aba, ya san cewa sau da yawa kilomita biyu ko uku na ƙarshen tafiya sun fi sauran hanyar duka cin lokaci. Direba yakan shigo garin da bai sani ba ɗauke da kayan miliyoyin naira, alhali abin da ke hannunsa bai wuce kwatance irin na baka ba: a wuce gidan mai, a sha kwana ta biyu, sito yana daura da masallaci. Idan aka yi rashin sa'a gidajen man suka zama uku a kan titin, sai tirela ta yi ta zagaye tana ƙona man dizal, 'yan dako suna zaune ana biyansu kuɗin jira, tumatir da albasa kuwa suna ruɓewa a cikin zafi.

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma a kan wannan karin magana ne safarar kaya a ƙasar nan ta daɗe tana tafiya, domin tituna da dama a garuruwanmu ba su da suna, gidaje ba su da lamba, inda kuma akwai lambar sau da yawa ba ta bi tsari ba. To amma tambaya tana cin lokaci, kuma tana sanar da wanda bai kamata ya sani ba abin da aka ɗauko da inda za a kai shi. A yau akwai hanya mai sauƙi, wadda ba ta buƙatar ko kwabo ban da kuɗin data, ta nuna wa mutum takamaiman wuri a doron ƙasa, wato aika masa da lambobi biyu da ake kira latitud da lonjitud, ko kuma mahaɗar intanet da aka gina a kansu, wadda da zarar ya latsa ta sai taswira ta buɗe a daidai ƙofar da ake nufi.

Ma'anar lambobin

Masana ilimin ƙasa sun zana wa duniya layuka na ƙiyasi iri biyu. Na farko suna kwance, suna kewaye duniya daga gabas zuwa yamma, kuma ana fara ƙirga su daga layin Ikwaita da ya raba duniya gida biyu. Lambar da ke nuna nisan wuri daga wannan layi zuwa arewa ko kudu ita ce latitud, tana kuma tashi daga sifiri zuwa digiri 90. Na biyu suna tsaye, daga ƙuryar arewacin duniya zuwa ƙuryar kudu, kuma lambar da ke nuna nisan wuri zuwa gabas ko yamma ita ce lonjitud, daga sifiri zuwa digiri 180. A wani taron ƙasa da ƙasa da aka yi a birnin Washinton a 1884 ne aka amince a fara ƙirga lonjitud daga layin da ya ratsa Girinic, wata unguwa a birnin Landan. Wannan layi ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya faɗa teku a garin Tema na ƙasar Gana.

Ilimin ba sabo ba ne. Tun a ƙarni na 9 Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya jera latitud da lonjitud na wurare fiye da 2,000 a littafinsa Surat al-Ard da ya rubuta a Bagadaza. Mai karatu ma ya san tasirin lonjitud ko da bai san sunansa ba. Duniya tana juya digiri 15 a kowace sa'a, wato digiri ɗaya cikin minti huɗu, kuma da yake tsakanin Maiduguri da Legas akwai kusan digiri 10, rana takan yi tsaka a Maiduguri kimanin minti 39 kafin ta yi a Legas. Dalili ke nan da ya sa lokutan salla da na buɗa-baki suke bambanta tsakanin garuruwan biyu.

Nijeriya baki ɗayanta tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa da Ikwaita, da kuma tsakanin digiri 2 da 15 gabas da Girinic. Birnin Kano yana kimanin 12.00 da 8.52, Legas 6.45 da 3.39, Abuja 9.06 da 7.49, Fatakwal kuwa 4.82 da 7.03. Ƙa'idar da taswirorin intanet suke bi ita ce a fara rubuta latitud, sannan lonjitud ya biyo baya.

Digiri ɗaya na latitud ya kai kimanin kilomita 111, na lonjitud ma a yankinmu bai gaza haka da yawa ba. Saboda haka yawan alƙaluman da ke bayan ɗigo shi ne yake nuna ƙwarin kwatancen. Alƙalami ɗaya bayan ɗigo yana ware wuri mai faɗin kusan kilomita 11, biyu kilomita ɗaya da 'yan kai, uku mita 110, huɗu mita 11, biyar kuwa kimanin mita ɗaya. Ma'ana, lambobin garuruwan da aka kawo a sama sun isa su kai mutum gari, amma ba su isa su kai shi shago ba. Don kai kaya, alƙaluma biyar bayan ɗigo sun wadatar.

Daga sararin samaniya zuwa wayar hannu

Abin da ya sauƙaƙa samun waɗannan lambobi shi ne tsarin taurarin ɗan'adam na GPS, wanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ƙirƙiro. An harba tauraron farko a 1978, tsarin kuma ya kammala da taurari 24 aka ayyana cikakken aikinsa a 1995. Taurarin suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙon da ke ɗauke da lokaci da matsayinsa. Na'urar da ke ƙasa takan auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, kuma idan ta samu saƙon taurari aƙalla huɗu sai ta lissafa inda take.

Da farko gwamnatin Amurka da gangan take rage ingancin saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren yakan kai mita 100, sai a watan Mayu na 2000 aka daina yin haka. A yau wayar hannu a fili, inda babu abin da ya kare sama, takan nuna wuri da kuskuren da bai wuce kimanin mita biyar ba. Bayan GPS akwai GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na ƙasar Sin wanda aka kammala a 2020, kuma yawancin wayoyin zamani suna sauraron fiye da ɗaya daga cikinsu. Karɓar saƙon taurarin ba ya buƙatar data. Hoton taswirar ne yake buƙata, shi ma ana iya sauke na yankin da za a je a ajiye a waya kafin a tashi.

Taswirorin da kansu sun zo daga baya. An kafa OpenStreetMap a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya ƙara mata titi ko kasuwa, kamfanin Google kuma ya buɗe Google Maps a watan Fabrairu na 2005.

Yadda ake haɗa mahaɗar

Matakin farko shi ne samun lambobin. Mai shago ya tsaya a bakin ƙofar da mota za ta shiga, a waje, ya buɗe Google Maps, ya jira shuɗin ɗigon da ke nuna inda yake ya natsu, sannan ya danna wurin ya riƙe yatsa har jar alama ta bayyana. Lambobin biyu za su fito, sai ya kwafe su. A kwamfuta kuwa, danna maɓallin dama na linzami a kan wurin yakan fito da su a saman jerin da zai buɗe. Yana da kyau a juya taswirar zuwa hoton sama a tabbatar cewa alamar ta sauka a kan ƙofar, ba a bayan katanga ba.

Mataki na biyu shi ne jona lambobin da adireshin taswirar. Idan aka ɗauki misalin wani wuri a cikin Abuja mai lambobi 9.05785 da 7.49508, mahaɗar za ta kasance kamar haka:

https://www.google.com/maps/search/?api=1&query=9.05785,7.49508

Idan kuma ana so wayar direba ta fara nuna masa hanya kai tsaye daga inda yake, sai a rubuta:

https://www.google.com/maps/dir/?api=1&destination=9.05785,7.49508

Ga mai amfani da OpenStreetMap, tsarin shi ne:

https://www.openstreetmap.org/?mlat=9.05785&mlon=7.49508

Abin da ɗan kasuwa zai yi kawai shi ne ya cire lambobin misalin ya sa nasa, da waƙafi tsakaninsu a mahaɗar Google, ba tare da barin sarari ba. Ana iya aika mahaɗar ta WhatsApp ko saƙon tes, a buga ta a kan rasiti da takardar rakiyar kaya, ko a mayar da ita tambarin QR a manna a katin kasuwanci da allon shago.

Gajerun mahaɗun da manhajar Google take bayarwa idan an latsa wurin rabawa su ma suna aiki, sai dai suna ɓoye lambobin, ba a kuma iya karanta su sai da intanet. Doguwar mahaɗa ta fi su a wannan fanni, domin lambobin suna bayyane a cikinta: ana iya karanta wa mutum su ta waya, a rubuta a takarda, a kuma shigar da su a kowace irin taswira. A WhatsApp ma ya kamata a bambance tsakanin aika wurin da mutum yake a tsaye, wanda ba ya canzawa, da kuma wurin da ke bin motsinsa, wanda aka fito da shi a 2017 yake kuma ƙarewa bayan minti 15, ko sa'a ɗaya, ko sa'o'i takwas. Na farko ya dace da adireshin sito, na biyu kuwa da bin sawun mota a kan hanya.

Kurakuran da ke jawo asara

Kuskure mafi yawa shi ne juya lambobin, kuma a Nijeriya yana da haɗari na musamman, domin lambobinmu biyu duka ƙanana ne masu kama da juna, sau da yawa kuma juyayyen yakan sake faɗawa cikin ƙasar, har ya zama ba a gane an yi kuskure da wuri. Lambobin Kano idan aka juya su suna kai mutum kusa da Ganye a Jihar Adamawa. Na Abuja suna faɗawa yankin Gboko a Jihar Binuwai, na Fatakwal kuma kusa da garin Ondo. Na Legas kuwa cikin teku suke faɗawa. Maganin abin shi ne mai aikawa ya latsa mahaɗar da kansa ya ga inda ta buɗe kafin ya tura ta.

Na biyu shi ne mantawa da alamar ɗebewa. Wurin da ke yamma da layin Girinic ko kudu da Ikwaita ana sa wa lambarsa wannan alama a gaba. 'Yan kasuwar da ke hulɗa da zangon Kumasi su lura cewa lambobin garin kimanin 6.69 da -1.62 ne. Idan alamar ta faɗi, taswira za ta nuna wani wuri kusa da iyakar Togo da Jamhuriyar Binin, fiye da kilomita 350 daga inda ake nufi.

Na uku shi ne cakuɗa tsarin rubutu biyu. Akwai tsohon tsari na digiri da minti da sakan, inda digiri ɗaya yake da minti 60, minti ɗaya kuma sakan 60. Digiri 12 da minti 30 daidai yake da 12.5 a tsarin ɗigo. Wanda ya rubuta shi 12.30 ya kauce da kimanin kilomita 22. Haka nan takardun da ke fitowa daga Nijar da Kamaru da Chadi, inda ake bin tsarin Faransanci, sukan yi amfani da waƙafi a madadin ɗigo, don haka sai an gyara su kafin a sa a mahaɗa.

Na huɗu shi ne ɗaukar lambobi a cikin rumfa. Rufin kwano da dogayen benaye suna tare saƙon taurari ko su karkatar da shi, saboda haka a kasuwanni masu cunkoso irin su Kantin Kwari da Balogun gara a ba da lambobin ƙofar kasuwa, a ƙara da sunan layi da lambar shago da ta bene.

Bugu da ƙari, lambobi wuri suke nunawa, ba su san halin hanya ba. Taswira tana iya bi da tirela ta lungun da ba za ta iya juyawa ba, ko ta gadar da ruwa ya cinye, ko ta dajin da matafiya suka ƙaurace wa saboda 'yan fashi. Shawarar tsofaffin direbobi da 'yan kamasho a tasha tana nan da amfaninta.

Takardun fili da aikin safiyo

Wajibi ne a yi hattara wajen gwama lambobin waya da na takardun fili. Taswirorin intanet suna aiki da ma'aunin duniya da ake kira WGS 84, yayin da tsofaffin taswirori da takardun safiyo da dama a ƙasar nan aka gina su a kan ma'aunin Minna. Bambancin da ke tsakanin ma'aunan biyu a wuri guda yakan kai gomman mitoci, abin da ya fi faɗin fuloti. Har ila yau, lambobin da ke jikin takardar safiyo galibi mitoci ne na gabas da arewa, ba digiri ba, don haka ba a zuba su a mahaɗa kai tsaye sai an juya su. Lambobin waya sun isa a nuna wa mai saye unguwar da fili yake, amma shata iyaka da kafa turaku aikin safiyo ne mai rajista, kuma duk wanda ya biya kuɗin fili bisa jar alamar waya kawai ya sayi rigima da kuɗinsa.

Lambobin sun shiga doka

Abin da ya fara a matsayin sauƙin kwatance ya zama sharaɗin ciniki a wasu fannoni. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigo da kayan da aka noma ta hanyar sare daji, wadda ta shafi koko, kofi, manja, roba, waken suya, katako da shanu. Dokar ta buƙaci mai shigo da kayan ya gabatar da latitud da lonjitud na gonar da aka noma su, da alƙaluma aƙalla shida bayan ɗigo, gonar da ta wuce hekta huɗu kuma a zana kewayenta gaba ɗaya, domin a tabbatar ba a sare daji a wurin ba bayan 31 ga Disamba 2020. An ɗage ranar fara aiwatar da dokar daga ƙarshen 2024 da aka tsara tun farko, amma dillalan koko a jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba su sani cewa buhun da aka san gonarsa ya fi wanda ba a sani ba samun mai saye a kasuwar Turai.

A cikin gida kuma, a watan Agusta na 2025 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da takardar umarni cewa a yi wa kowace na'urar POS rajista da lambobin wurin da take aiki, inda takardar ta ƙayyade tazarar mita 10 daga adireshin da aka yi rajista da shi. Manufar ita ce daƙile zamba, amma sakamakonta ga mai sana'ar shi ne lambobin da aka rubuta masa bisa kuskure suna iya zama sanadin tsayawar cinikinsa.

Akwai kuma tsare-tsaren da aka gina a kan lambobin don sauƙaƙa haddace su. Plus Codes na Google, da aka fito da shi a 2014, yana mayar da su gajeren jerin haruffa da alƙaluma. Kamfanin what3words na Landan ya raba duniya zuwa murabba'ai masu faɗin mita uku, ya ba kowanne kalmomi uku. Ƙasar Gana ta ƙaddamar da nata tsarin, GhanaPostGPS, a watan Oktoba na 2017. Dukkansu latitud da lonjitud ne a ƙarƙashinsu, kuma wanda ya riƙe lambobin asali bai dogara da wani kamfani guda ba.

Tsaro da abin da ya kamata a yi

Lambobin da ke kai direba ƙofa suna iya kai ɓarawo. A wannan zamani na satar mutane don neman fansa, bai dace ɗan kasuwa ya baza lambobin gidansa ko na ma'ajiyar kayansa a dandalin sada zumunta ba. Na shago ne ake bugawa a allo. Na sito kuwa a ba direba da mai karɓar kaya kaɗai. A kuma sani cewa hoton da aka ɗauka da waya yana iya ɗauke da lambobin wurin a ɓoye, musamman idan aka aika shi a matsayin fayil. Mahaɗar da ta zo daga baƙon da ba a sani ba, a duba farkon adireshinta kafin a latsa, domin 'yan damfara sukan kwaikwayi irin waɗannan mahaɗu. Idan kuma aka aiko wa direba sababbin lambobi yana tsakiyar tafiya, kada ya karkata sai ya kira mai kaya ya ji daga bakinsa.

Bisa ga wannan, akwai aikin da ke gaban ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, musamman a Mile 12 a Legas, da Sabo da Bodija a Badun, da sauran wuraren da fatakenmu suke sauke kaya. Ya kamata kowace kasuwa ta tantance lambobin ƙofofinta da wuraren lodi da sauke kaya, ta rubuta su a ofishin ƙungiya, a kuma ware musu gurbi a takardar rakiyar kaya kusa da suna da lambar wayar mai karɓa. Matasan da suka iya sarrafa waya suna nan a kowane layi, kuma aikin bai wuce na yini ɗaya ko biyu ba. Ɗan kasuwar da ya rubuta lambobin shagonsa daidai sau ɗaya, ya gwada su, ya adana su, zai yi ta amfani da su muddin shagon yana wurin, ko da an sauya wa titin suna, ko an rushe gidan man da ake kwatance da shi.